Kiɗin Mamaci a Shekarar Bushiya

Na san abin da aka gaya muku game da zamana a Kebbe. Kun ji shi a bakin gwaggwanninku, kun ji shi a gidan biki, wataƙila har a makaranta an taɓa yi wa ɗayanku gori da shi. Wai ubanku ya dawo daga ƙasar da ba a salla da kayan tsafi cike da akwati, wai Fulani suka gano shi, suka sa ya tuba ya ƙona su. Ƙonawa dai an yi, da hannuna kuma. Tuba ce ban yi ba, don ban yi abin tuba ba. Tunda Allah ya ja kwanana har idona ya fara gajiya da karatu, gara in rubuta muku yadda aka yi kafin masu ƙarin gishiri su gama da ni.

Kayan tsafin nan faya-fayan garmaho ne. Lokacin da gwamnati ta tura ni Rasha karatun likitan dabbobi, sanyin ƙasar bai dame ni kamar kaɗaici ba. Sai in wuni ban yi magana da kowa ba in ba malami ba, shi ma rabin abin da yake faɗi ya wuce ta saman kaina. Wata rana da yamma sanyi ya koro ni cikin wani shagon faya-fayai kusa da makarantarmu, ba don ina neman komai ba, sai don akwai ɗumi. Mai shagon ya ɗora wani faifai. Da farko ƙara na ji kamar ana suyar ƙosai a ɗaki na kusa, sannan daga ƙarƙashin ƙarar sai ga fiyano. Kada ku ɗauka irin fiyanon 'yan fim da kuke ji a waya ne. Wannan ƙaton akwatin katako ne mai tsirkiya a ciki, mutum ɗaya ya zauna gabansa da yatsu goma, babu ganga, babu mawaƙi, babu 'yan amshi. Waɗanda aka ɗauka a faya-fayan nan gwanayen zamaninsu ne, tsofaffi, an naɗi kiɗansu tun na'urar ɗaukar sauti tana sabon abu, tun ba a haifi mahaifina ba, daga baya aka sake buga shi a kan sababbin faya-fayai da ƙarar da komai. Wani in ya saki hannu sai ka ji kamar ruwan sama ya sauko kan rufin kwano, sannan ya sassauta har ka riƙe numfashi kana jiran abin da zai biyo baya. Na tsaya a shagon nan da rigar sanyi a jikina, hawaye na zubo mini, ina jin kunya. Shi ne abu na farko a ƙasar da ya shiga raina ba tare da na nemi mai fassara ba. Da haka na fara tara su, har na dawo gida da su da ƙaramin garmaho mai aiki da batirin mota.

Inna, kakarku, ita ta fara nuna mini abin da ke jirana, amma ban ɗauki darasin ba. Na dawo Tambuwal, an gama zuwa barka da sauka, sai na ce bari in jiyar da ita abin da ya riƙe mini rai a can. Tana zaune kan tabarma tana tsinkar zogale. Ta saurara har faifan ya kai tsakiya, hannunta ya tsaya.

"Auta, wanga kiɗi na wa na?"

"Ba na kowa ba ne, Inna. Kiɗi ne kawai."

"Ba a kiɗi kawai. Wa shika wasawa?"

Na ce mata ba ya wasa kowa, kuma mutum ɗaya ne yake yi. Ta dube ni irin kallon da take yi mini ina yaro in na ce ba ni na taɓa fura ba.

"Ni da nit tashi cikin lugude kaka gaya ma hannu biyu ka wanga aiki? Akwai mai taya shi. Rufe abinka, kar maƙwabta su ji."

Na yi dariya a ranar, na ce tsufa ne. Amma ku da kuka tashi da kiɗa a aljihu sai na yi muku bayani. A wurinmu kowane kiɗi da mai shi. Mahauta da nasu, maƙera da nasu, manoma da 'yan dambe da 'yan kokawa kowa da takensa, in an buga ka san wa ake nufi, shi ma ya san da shi ake. Kiɗin da babu waƙa a cikinsa, babu kirari, makaɗi yana ta yi yana jira, wuri ɗaya aka san shi, wurin masu kiran iskoki. Inna ba jahila ba ce. Abin da ta sani ta auna da shi.

Bayan an ɗaura mana aure da mahaifiyarku Rabi, aka tura ni Kebbe. Hanyar a lokacin ba a magana, in ka fita Tambuwal kan babur ɗin gwamnati sai ka isa da ƙugu kamar an yi maka duka. Gidan da aka ba mu yana bakin gari, bayan katangarsa burtali ne, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Na tarar da wani tsohon ma'aikaci a ofis, Malam Ɗantani, mai yi wa shanu allura, wanda ya daɗe a wurin har ya sa rai shi za a ba riƙon ofishin kafin a turo ni. Mutum ne mai yawan fara'a, irin fara'ar da ba ta kai ido. Kullum bayan la'asar nakan zauna a zaure in ɗora faifai in huta. Rannan ya zo gaisuwa ya tarar ana yi, ya zauna, ya gyaɗa kai kamar mai jin daɗi.

"Ranka shi daɗe, wanga gwani na. Shina nan da rai?"

Na ce ai ya daɗe da mutuwa, duk waɗanda ke cikin akwatin nan babu mai rai. Ya ce Allahu akbar, ya sha ruwa, ya tafi. Ban taɓa kama shi da bakinsa ba, kuma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Amma in kuka tambaye ni, har gobe shi nake zargi da maganar da ta biyo baya.

A shekarar ne bushiya ta shigo. Ku ba ku san ta ba, an kawar da ita daga duniya, alhamdu lillahi. Cuta ce da in ta shiga garke sai ka ga saniya tana zubar da hawaye da yawu, bakinta ya yi gyambo, zawo ya kwantar da ita, kafin mako ya zagayo mai garke ya koma mai sanda kawai. Labari ya zo cewa ta fara kashe shanu a yamma da mu. Aka aiko mana da maganin rigakafi cikin akwatin ƙanƙara, kuma maganin nan ba ya jure zafi, in ƙanƙara ta narke ya zama ruwan banza, sai an sake jiran wani daga Sakkwato. Muka kafa shingen itace a bayan kasuwa inda za a riƙa zura shanu ɗaya bayan ɗaya. Dokar aikin kuma ita ce duk wadda aka yi wa allura a ɗan yanke gefen kunnenta, don a gane ta kada a maimaita. Aka yi shela ranar kasuwa. Muka zauna ni da Ɗantani tun safe har rana ta take, ko ɗan maraƙi ba a kawo ba. Fulanin da da suke tsayawa mu gaisa har su tambaye ni maganin kaska, yanzu in sun hango ni sai su shiga rumfar masu gishiri su juya baya.

Rabi ce ta warware mini. Na dawo gida raina a ɓace, ta ajiye mini abinci ta tsaya, ba ta koma ciki ba.

"Likita, mai nono ta bar shigowa gidanga. Bakin ƙofa taka tsayawa ta miƙo."

"To sai me?"

"Cewa aka yi in ka sa kiɗin mamacin nan, shanun da ka wucewa bayan katanga tsayawa sukai su ɗaga kai. Wai kiransu shikai. Wai kunnen da kaka yankewa shaida ta, don shi gane nashi. Wanda anka yanke ma kunne, ya zama na mamaci."

Na ture kwanon. Wallahi ban taɓa jin haushi irin na ranar ba. Saniya ko tukunya ka buga sai ta ɗaga kai. Amma da na huce na ga yadda maganar ta zauna daram a kunnen Bafulatani. Shi da kira yake tafiyar da garkensa, ya yi wata 'yar murya ba kalma a ciki, shanunsa su baro na wani su biyo shi. Yankan kunne kuma a wurinsa alamar mallaka ce, kowane gida da irin nasu. Ga baƙo daga ƙasar da aka ce ba su san Allah ba, yana da muryar mamaci a akwati, yana so ya sa wa shanunsu alamarsa. Wanda ya haɗa maganar nan ya san Fulani, ya kuma san aikinmu. Na dubi Rabi na ce wa ya gaya wa mai nono mutumin ya mutu. Ta ce in rantsuwa nake so a kawo Alƙur'ani, ita ba ta faɗa ba, amma tunda na tambaya, ita ma ba ta son kiɗin, in yana tashi sai ta ji gidan kamar da wani a ciki. Kwanakin nan kowa na zarga. Na zargi Ɗantani, na zargi matata, har Inna na zarga ko ta yi wa wata 'yar Kebbe zancen a wurin suna. In na ga mutum biyu suna magana suka yi shiru da isowata, sai in ce da ni ake.

Aka ba ni shawara in kai ƙara a turo 'yan sanda a tattaro shanu da ƙarfi. Ɗantani ne ma ya fi kowa zafi a kan haka, abin da ya ƙara mini shakkarsa, don ya fi ni sanin abin da zai biyo baya. Bafulatani in ya ji ƙamshin tilas, kafin gari ya waye ya kwashe ya shiga daji, in akwai mai cutar a garkensa ya kai wa kowa. Sai na hau babur na tafi rugar Ardo Buba, wanda shi ne babba a cikin ardo-ardon yankin, in ya kawo shanunsa kowa zai kawo. Dogon tsoho ne, siriri, ba ya gaggawar magana. Ya karɓe ni da mutunci, aka kawo mini kindirmo, na yi bayani har bakina ya bushe. Ya bari na gama.

"Likita, ji nika ana faɗi. Ban ji da kunnena ba. Gobe in zo in ji."

Washegari da hantsi ya zo da dattawa biyu. Suka ƙi shiga zaure, sai da na fito da garmahon ƙarƙashin dalbejiya. Na zaɓi wanda na fi so, na wani tsoho da yake fara shi a hankali kamar mai lallashin yaro, sannan ya ɓarke da gudu, yatsu na bin juna har ba ka iya rarrabewa, sai kuma ya tsaya cak kamar ya tuna wani abu, ya dawo a hankali. Dattawan nan biyu suna ta motsa baki da addu'a. Ardo kuwa ya dogara haɓarsa a kan sanda, ya rufe ido, bai motsa ba har allurar garmahon ta kai ƙarshe.

"Wagga ƙara da ag ƙarƙashi, wuta ta ko ruwa?"

"Tsufan ɗauka ne, Ardo. Na'urar lokacin ce ba ta da kyau."

"Mutum guda na?"

"Mutum guda."

"Ya mutu?"

"Ya mutu."

"To wa shika kira?"

Na ce ba ya kiran kowa. Na ce mutum ne kamar ni da shi, ya koyi sana'arsa tun yana yaro, ya ƙware, aka ɗauki aikinsa don na baya su ji, kamar yadda ake barin rijiya. Ardo ya buɗe ido ya dube ni.

"Kai dai ya kira ka. Tun daga wata ƙasa ka ɗauko shi har Kebbe."

Sannan ya faɗi sharaɗinsa. Zai kawo shanunsa a yi musu allura a yanke kunnen, amma akwatin faya-fayan zai koma rugarsa ya zauna a bukkarsa, kada a buga ko ɗaya. In shanun suka tsira, a dawo mini da kayana. In wadda aka yanke wa kunne ta mutu, ko guda ce, a sa faya-fayan a wuta a gaban jama'a. Na ce masa Ardo, wannan ba adalci ba ne. Allurar tana kare mai lafiya ne, ba ta warkar da wadda cutar ta riga ta shiga jikinta, kuma ni na ga maraƙi biyu a garkensa jiya da idonsu bai yi mini ba. Dole wata ta mutu.

"Ni na ji," in ji shi. Ya nuna dattawan da haɓa. "Su da waɗanda sunka aiko su ba su ji ba."

Har yau ina zargin tsohon nan ya san sarai abin da yake yi. Ya fi ni sanin garkensa, ya ga maraƙan nan kafin in gan su. Ya san za a yi mutuwa, ya san wutar za ta ci, ya nemi hanyar da zai raba ni da kayan ba tare da ya ce mini matsafi a fuskata ba. Na shiga gida na tsaya a kan akwatin. Shekarun da na yi a ƙasar mutane, abin da na fito da shi da nake ce wa nawa ke nan, takardar shaida ta gwamnati ce. A lokacin kuma babu inda za ka sake samunsu, ko Kaduna ka je. A ɗaya gefen ga ƙanƙara tana narkewa, ga dubban shanu, ga mutanen da in shanun suka ƙare ba su da wata rayuwa. Rabi tana tsaye a bakin ɗaki. Na zaci za ta yi murna, sai na ga idonta ya kawo ruwa.

"Ka ɓoye guda mana. Wa zai sani?"

Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye muku ba. Amma a garin da aka san abin da nake saurare a zaurena, za a san abin da na ɓoye a ƙarƙashin gado, kuma ranar da aka sani babu Bafulatanin da zai sake yarda da allurar gwamnati a ƙasar nan. Na ɗaure akwatin da igiya, na ɗora a bayan babur, na bi Ardo da shi.

Da safe ya kawo garkensa, shi da kansa ya riƙe ƙahon ta farko. Na lura ba kowa ya biyo shi ba. Sauran rugage sun turo mutane su tsaya daga nesa suna kallo, suna jiran su ga yadda za ta kaya. Ba a yi mako ba ɗaya daga cikin maraƙan nan ta kwanta, wata karsana ja da Ardo ya ba jikarsa kyauta, da yankan kunnenta sabo. Muka ware ta, na yi abin da zan iya, ta mutu. Ɗayar ma ta bi ta. Sauran garken kuwa ko tari babu, alhali a wata ruga can gaba da ba a yi allura ba an fara jan gawa ana kaiwa rami. Duk mai ido ya ga bambancin. Na sa rai ko wannan zai isa, na aika a tambayi Ardo. Ya aiko cewa magana an yi ta a gaban mutane, in zo da hantsi.

Na tarar da rugar cike, har da ardo-ardon da ban taɓa gani ba, suna zaune a inuwa da sandunansu a kan gwiwa. Ɗantani ma ya zo, ba wanda ya gayyace shi, yana ta girgiza kai yana cewa abin bai yi daɗi ba. An hura wutar da suke yi wa shanu hayaƙi don ƙudaje. Aka fito da akwatin, igiyar da na ɗaure tana nan yadda na ɗaure ta. Wani saurayi ya miƙa hannu zai ɗauka, na ce kada ya taɓa. In za a ƙona, ni zan ƙona. Na zare faya-fayan daga rigunansu na takarda ina jefawa ɗaya bayan ɗaya. Ba sa kamawa da wuri, sai su lanƙwashe tukuna, su naɗe, su yi baƙin hayaƙi mai wari har mata suka ja yara baya. Na ji wani yana cewa kun ji warin abin, ai dama. Na ci gaba da jefawa. Da na jefa na ƙarshe, wani tsohon ardo daga gabas ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce gobe shanunsa na bakin shinge. Na kusa da shi ma ya ce haka, sannan saura.

Jama'a suka fara watsewa. Ardo Buba ya matso kusa da ni, muka tsaya muna kallon wutar. Ya yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji.

"Likita, wanda kas sa muna rannan, mai gudu shi tsaya. Shina ciki?"

"Shi na fara jefawa."

Ya tona toka da bakin sandarsa.

"Ashsha," in ji shi. "Kwana nika da shi cikin kai. Na so in ƙara ji ko sau guda."

Na ce masa ya gaya musu su zo da wuri, ƙanƙarar ta kusa ƙarewa.